Ɗan Legas a rigar Ingila: tsaya kafin ka rubuta "maci amana"



Na san yadda abin yake faruwa, don ni ma da wayar nake kwana nake tashi. Da zarar Bukayo Saka ya ci wa Ingila ƙwallo, kafin a sake take leda Facebook ya rabu gida biyu. Waɗannan na cewa "namu ne, jinin Najeriya ba ya ɓuya." Waɗancan na cewa "maci amana, ya bar ƙasar ubansa yana yi wa Turawa bauta." A gidan kallo ma haka ne, daga Takur har Yalwawa, sai mai gidan ya yi barazanar kashe janareta kafin a yi shiru. Kai da kake karanta wannan, ka san gidan da kake ciki. To yau ina so in ɗauke ka daga ƙwallon ƙafa, inda son Arsenal ko ƙinta ke rufe mana ido, in kai ka wani wasan da ba ka da kulob a cikinsa, ko ma yi maganar da sanyin rai.

Wasan shi ne zari-ruga. Ƙwallonsa ba mulmulalliya ba ce, siffar ƙwai gare ta. 'Yan wasa 15 ne kowane ɓangare, ana yin minti 80. Rungumar ƙwallon ake yi a ruga da ita, amma ba a jefa wa abokin wasa ita ta gaba da hannu, sai ta baya ko ta gefe. In ka kai ta bayan layin abokan karawa ka dangwala a ƙasa, kun ci maki 5. Wanda ke riƙe da ita kuwa, doka ta yarda a cafke shi a kayar. Akwai kuma abin da suke yi idan alkalin wasa ya tsayar da wasa: ƙarti 8 daga nan, 8 daga can, su sunkuya su sarƙe kafaɗu, a jefa ƙwallo ta tsakiya, a yi ta turereniya. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa a dandali bayan girbi, nan take zai gane abin da ake ciki.

A sahun gaba na wannan turereniya, inda nauyin kowa ke sauka a wuyan mutum, a nan Victor Ubogu ya yi rayuwarsa ta wasa. A Legas aka haife shi a 1964. A 1977, bai wuce shekara 13 ba, aka kai shi Ingila karatu, wata makarantar kwana da ake kira West Buckland a yankin Devon. A can ya goge a wasan. Ya yi Jami'ar Birmingham, ya wuce Oxford, sannan ya zauna a kulob ɗin Bath, wanda a shekarun nan babu kamarsa a Ingila. A watan Oktoban 1992 ya fara saka rigar Ingila, a wasa da Kanada a filin Wembley. Lokacin jihar Jigawa tana da shekara ɗaya da 'yan watanni da haihuwa. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Sau 24 ya buga wa Ingila, daga 1992 zuwa 1999. Shekarar da ta fi yi masa kyau ita ce 1995. Da farko Ingila ta doke Ireland da Faransa da Wales da Scotland, ba ta bar ko ɗaya ba, ta ɗauki kofin ƙasashe biyar. Daga nan aka tafi Gasar Cin Kofin Duniya a Afirka ta Kudu. Ka yi tunanin abin: shekara ɗaya kacal da zaɓen Nelson Mandela, a ƙasar da aka daɗe ana kallon zari-ruga a matsayin wasan farar fata, ga baƙin mutum haifaffen Legas a sahun gaban Ingila. Sun kai wasan kusa da na ƙarshe, inda wani ƙato ɗan New Zealand mai suna Jonah Lomu ya bi ta kansu, shi kaɗai ya dangwala sau 4, aka tashi 45 da 29. Bayan shekara uku, a 1998, Ubogu ya ɗauki kofin kulob-kulob na Turai da Bath, suka doke Brive ta Faransa da tazarar maki ɗaya, 19 da 18. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A Bath ɗin nan akwai Steve Ojomoh haifaffen Benin, da Adedayo Adebayo haifaffen Ibadan, duk sun buga wa Ingila.

To, ga tambayata gare ka, mai saurin yatsa. Amanar wa Ubogu ya ci?

Kar ka ce kuɗi ya bi. Sai a watan Agustan 1995 aka halatta biyan albashi a zari-ruga. Kafin nan wasan sa-kai ne, 'yan wasa na da ayyukansu na cin abinci, su je atisaye bayan an tashi aiki. Ke nan shekarunsa uku na farko a rigar Ingila ba albashi ya kai shi ba. Kar kuma ka ce ya ƙi Najeriya. Har yau da nake wannan rubutu, Najeriya ba ta taɓa zuwa Gasar Cin Kofin Duniya ta zari-ruga ba, alhali Kwaddibuwa ta je a 1995, Zimbabwe da Namibiya ma sun sha zuwa. Mutum ba ya ƙin tuwon da ba a tuƙa ba.

Mu Hausawa ai bai kamata wannan ya ɗaure mana kai ba, don muna da riƙo. Gida nawa ne a Dutse ko Kiyawa ko Jahun da babu ɗan riƙo a ciki? A yaye yaro a kai shi wurin gwaggo ko kaka, ita za ta yi masa wanka, ta kai shi makarantar allo, ta kwana a kansa ranar da zazzaɓi ya kama shi. Ya girma ya samu abin hannu, ya fara kai ta Makka. Akwai wanda zai miƙe a majalisa ya ce ya ci amanar mahaifiyarsa? Babu. Cewa za a yi ɗan halak ne, ya san wadda ta sha wahalarsa. Kuma hakan bai cire mahaifiyar daga matsayinta ba, tana nan uwa. Ingila uwar riƙon Ubogu ce. Filinta ne, kocinta ne, likitanta ne ya duba shi ranar da ya ji ciwo. Mu mun ba shi suna da jini, kuma ba ƙaramin abu ba ne, amma suna da jini ba sa koya wa yaro yadda zai sunkuya a turereniya wuyansa bai karye ba.

Bari in ɗan ratse, don na san wani zai karanta wannan ya ce "ashe mafita ita ce a fita." A'a, malam. Ubogu da jirgi aka kai shi makarantar kuɗi, da takardu cikakku. Maro Itoje ma, wanda aka naɗa kyaftin ɗin Ingila a 2025, a Landan iyayensa 'yan Najeriya suka haife shi, ya yi makarantar Harrow, ɗaya daga cikin mafiya tsada a ƙasar. Babu ɗayansu da ya bi ta Maigatari ya nufi Agadas a bayan a-kori-kura. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa yana da hanyar kai ka gwaji a wani kulob na Turai in ka kawo kuɗin biza, ka tambaye shi sunan kulob ɗin da takardar gayyata, ka nuna wa wanda ya fi ka sani kafin babanku ya jinginar da gona.

Mu koma kan magana. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, mu da muke zagin Saka, mu ne muke tafa wa Ademola Lookman. A Landan aka haife shi, Ingila ta raine shi, har ya ci mata Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2017. Sai a 2022 ya koma buga wa Najeriya, a ƙarshen 2024 aka ba shi gwarzon ɗan wasan Afirka, muka cika gari da hotonsa. Ola Aina a makarantar horaswa ta Chelsea ya tashi, Alex Iwobi a ta Arsenal. Calvin Bassey a Italiya aka haife shi. William Troost-Ekong, wanda ya ci mana ƙwallonmu ɗaya tilo a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abidjan a Fabrairun 2024, a Holan aka haife shi. Wasu suka yi shuka da noma, mu muka zo da lauje. Ranar ban ga wanda ya rubuta cewa Lookman ya ci amanar Ingila ba. Laifi tudu ne dai.

Wanda ya zaɓe mu da kansa ma, ya muka yi da shi? Annette Echikunwoke a Amurka aka haife ta, 'yar wasan jifan guduma ce, ta ce ita Najeriya za ta wakilta. Ta isa Tokyo a 2021 don gasar Olamfik, sai aka ce ita da wasu 'yan wasan Najeriya, su 10, ba za su shiga ba. Ba a kama su da komai ba. Adadin gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari da doka ta ce a yi musu kafin gasa ne ba a cika ba, kuma shirya wannan aikin hukumomin wasanninmu ne. Ta koma wa Amurka. A Paris a 2024 ta ci lambar azurfa. Najeriya kuwa a gasar ta dawo gida ko tagulla ɗaya babu. 'Yar'uwa, ke da kike cikin masu cewa "ai da ta yi haƙuri", da ke ce aka yi wa haka bayan shekaru kina atisaye, za ki sake jiran su?

Kuma kar mu ɗauka wannan labarin mutanen Kudu ne kawai. Ka tuna wasan buɗe Kofin Duniya na 2018, Rasha da Saudiyya? Kyaftin ɗin Saudiyya a ranar sunansa Osama Hawsawi, haifaffen Makka. Kusa da shi a baya akwai Omar Hawsawi, a tawagar kuma akwai na uku, Motaz Hawsawi. Sunan nan Hawsawi, Bahaushe yake nufi. Zuri'ar mutanenmu ne da suka yi gabas aikin Hajji tun zamanin tafiyar ƙasa, ta Chadi da Sudan, wasu su shekara da shekaru a hanya, suka isa suka zauna. Na san ba duka aka ba takarda ba, kuma kowa ya san kalmar "takari" ba ta yabo ba ce. Amma jikan baƙo ya ɗaura ƙyallen kyaftin na ƙasar da ta riƙi kakanninsa, mu kuma muka ji daɗi, duk da ƙwallo 5 da aka zura musu a ranar. Ba mu ce ya dawo ya buga wa Najeriya ko Nijar ba. Cewa muka yi Allah ya ɗaukaka Bahaushe.

To ga inda nake so mu zo, kuma a nan ne na san wasu za su fara haɗe rai. Mun yarda Ingila ta riƙi ɗan Legas. Mun ji daɗi Saudiyya ta riƙi jikan Bahaushe. Mu wa muka riƙa?

Na ce ka riƙe shekarar 1992. A ranar 27 ga Agustan 1991 gwamnatin Janar Babangida ta cire Jigawa daga jihar Kano, Dutse ta zama babban birni. Mutum ya kwanta yana ɗan jihar Kano, ya wayi gari yana ɗan Jigawa, bai matsa ko taku ɗaya ba. Maƙwabcinsa na Gaya, da suke cin kasuwa ɗaya suna auratayya, ya zama "ɗan wata jiha". Daga nan gari ya fara cika: ma'aikata, magina, masu sayar da kayan gyaran mota, masu kemis, malaman makaranta. Da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 aka ƙara samun wasu. Mutanen nan sun haihu a nan. 'Ya'yan na farkonsu yanzu sun haura shekara 30.

Ka ɗauki ɗaya daga cikinsu. A ce babansa daga Enugu ya zo, ko daga Ilorin, ko ma daga Potiskum. A Dutse aka yanke masa cibiya, a nan ya yi firamare da sakandare, Hausarsa ta fi tawa zaƙi, ya san wace bishiyar dabino ce ke fara nuna a unguwarsu. Shi ne mai tsaron ragarku a gasar unguwanni, ranar da ya tare fenariti kun ɗaga shi sama. Sai a buɗe tallafin karatu, ko ɗaukar ma'aikata, ko shiga aikin ɗan sanda. Ku je tare, kai ka miƙa takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, shi kuma a ce ya tafi garinsu ya karɓo. Garin da bai taɓa kwana bakwai a jere a ciki ba. Ya je can, su ma su dube shi su ce ba su san shi ba, sai ya nemo wanda zai tsaya masa. Wannan yaron ba teku ya tsallaka ba kamar Ubogu. A cikin ƙasarsa yake, da katin ɗan ƙasa irin naka.

A fagen wasa mun iya riƙo, ban musa ba. Ahmed Musa a Jos aka haife shi, mahaifiyarsa 'yar jihar Edo ce. Da ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar wasa ɗaya, babu wanda ya tambaye shi takarda a filin Sani Abacha, kuma har gobe Kano na ce masa nata. Jigawa Golden Stars ma da ta hau gasar Firimiya ta ƙasa, ba a ce sai ɗan Dutse ko ɗan Haɗeja ne zai saka rigar ba, wanda ya iya aka nema. Wato in baƙo zai ci mana ƙwallo, namu ne. In shi ne ke buƙatar wani abu a wurinmu, sai mu tuna masa garin kakansa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce Jigawa ba ta da ƙarfi, guraben kaɗan ne, yaranmu na karkara, na Buji da Miga da Gwaram, an riga an bar su a baya a boko, in aka buɗe ƙofa waɗanda suka riga mu nisa za su kwashe komai. Za a ce kuma ɗan Jigawa da aka haifa a Fatakwal ko Anaca haka ake yi masa, wani lokaci ma fiye, don me mu za mu fara? Duk gaskiya ne. Ni ma ba zan so a ce wanda ya sauka a tasha jiya ya karɓe gurbin ɗan manomin Kiyawa ba.

Amma dubi yadda masu zari-ruga suka yi da tasu matsalar, don su ma sun yi wannan rigimar. Ba su bar ƙofa a wangale ba, ba su kuma garƙame ta ba. Dokarsu ta ce za ka iya buga wa ƙasa in a can aka haife ka, ko iyayenka, ko kakanninka, ko kuma ka shafe wasu shekaru a cikinta. Da shekara 3 ne. Da aka ga ƙasashe masu kuɗi na ɗauko ƙwararru daga ƙananan ƙasashe su jira shekara ukun su saka musu riga, sai aka ɗaga zuwa 5. Ka ga akwai lissafi. Baƙo ya san ranar da baƙuncinsa zai ƙare. Mu a namu tsarin babu wannan ranar. Ka shekara 40 kana biyan haraji a gari, ka binne iyayenka a maƙabartarsa, jikanka ma baƙo ne. Alhali sashe na 15 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a ko'ina cikin tarayya, sashe na 42 kuma ya hana nuna masa bambanci saboda asalinsa.

Ra'ayina shi ne a sa ƙa'ida mai lamba. Wanda aka haifa a jiha, ya yi firamare da sakandare a cikinta, iyayensa na da shaidar zama da biyan haraji na shekaru kaza, a ba shi takarda. A yi gardama a kan adadin shekarun, 10 ne ko 15 ko 20, wannan aikin 'yan majalisar jiha ne da muka zaɓa. A ware wa ƙananan hukumomin da aka bari a baya kasonsu, babu wanda ya hana. Batun "sai wasu sun fara" kuwa, mu ne muka fi kowa 'yan'uwa a warwatse, daga Sabo ta Ibadan zuwa Agege, zuwa zangon Kumasi. In akwai waɗanda ya kamata su fi kowa son a kafa wannan doka a Najeriya, mu ne. Da wane baki za mu nema wa namu a can abin da muka hana na wasu a nan?

Wani abu kuma da masu zari-ruga suka ƙara: daga 2022, ɗan wasan da ya taɓa buga wa wata ƙasa zai iya komawa ƙasar haihuwarsa ko ta iyayensa ko kakanninsa, in ya shekara 3 bai buga wa ta farkon ba. Ƙasar Tonga, 'yar mitsitsiya a tsakiyar teku, ta dawo da irin su Charles Piutau da ya taɓa buga wa New Zealand. Ke nan ƙofa a buɗe take ga 'ya'yan Najeriya da ke Ingila da Ireland. Ko za su shigo, ya danganta da abin da za su tarar. Nan kusa da mu a Kano akwai kulob ɗin Barewa da ya daɗe yana koya wa yara wasan, ba tare da yawancinmu mun ma san da shi ba. Yaran da ke dambe da kokawa da langa a ƙauyukanmu, ƙirar jikin da wasan ke nema ke nan, fili da koci ne babu.

Gobe da yamma in ka je fili, kafin a raba riga, ka ja mai tsaron ragar nan taku gefe. Tambaye shi wace ƙaramar hukuma aka rubuta a takardarsa, sau nawa ya taɓa zuwa can, kuma nawa ya kashe a kuɗin mota kafin ya karɓo ta. In ya ba ka amsa, ka zo ka rubuta mana ita a kwament.